Rabon Ofad a Bayan Farin Layi

Ofad ɗan Sawmah ya zauna a ajina shekara biyu, a kujerar ƙarshe kusa da taga, domin daga nan ake hango fili. Rubutunsa ba shi da kyau, lissafinsa kuma ya fi rubutun muni, amma bai taɓa yi mini ƙarya a kan aikin gida ba. Idan bai yi ba, cewa yake bai yi ba, ya miƙo tafin hannu. Na fara da wannan ne saboda waɗanda suka san shi daga baya sun ɗauka da ha'inci aka haife shi.

Makarantarmu ta ƙauyen Tamoday, a gaɓar gabashin Taiwan, azuzuwa shida gare ta da fili ɗaya. Ƙauyen a matse yake tsakanin dutse da teku, babu wani shimfiɗaɗɗen wuri sai wannan filin. A nan yara suke buga yakiw, wato ƙwallon sanda da ake kira besbol a waje. A nan ake shanya shinkafa. Ta tsakiyarsa ake ratsawa da gawa zuwa maƙabarta. A nan kuma mu 'yan ƙabilar Amis muke yin Ilisin, bikinmu na girbi, kwana huɗu a kowane watan Yuli.

Tun yana ɗan shekara tara aka tsugunar da Ofad a bayan mai bugu, aka sa masa kwandon ƙarfe a fuska da safar fata a hannun hagu, aka ce aikinsa ya cafe duk ƙwallon da aka jefo. Mai jefowar shi ne Marang, sa'ansa, wanda ƙofar gidansu take kallon tasu. A wasan nan mai cafewa ne yake gaya wa mai jifa irin jifan da zai yi, da yatsu, a ɓoye tsakanin cinyoyi. Shekara takwas Marang bai saki ƙwallo ba sai da izinin yatsun Ofad. Kowa ya san Marang ne gwanin a cikinsu, amma gwiwar hannunsa ta lalace yana ɗan sha bakwai, ya koma gonar uwarsa. Ofad kuwa, yana cika ashirin wata ƙungiyar ƙwararru ta wani birni a yamma ta ɗauke shi.

A shekarar nan ce dattawa suka raɗa wa tsararsu suna. Kowace tsara ta maza tana karɓar sunanta daga babban abin da ya faru a shekarar shigarta, kuma da shi za a kira ta har mutum na ƙarshe a cikinta ya mutu. Muna da tsarar gada, muna da tsarar wutar lantarki. Su goma sha biyar ɗin nan aka ce musu Layakiw, wato masu ƙwallo, albarkacin Ofad. Marang ne aka naɗa shugabansu, kuma na ga yadda ya ɗaga hannun Ofad sama a tsakiyar da'irar rawa ranar.

Shekara shida muna taruwa a kantin ƙauye muna kallonsa a talabijin. A ta bakwai aka kama shi tare da wasu. Masu caca sun fara da gayyatarsa cin abinci, suka bi da kyaututtuka, suka ƙare da nuna masa hoton ƙofar gidansa. Ya sayar musu da wasa uku. Alamar da suka shirya ita ce ya cire kwandon fuska ya share gumi da hannun riga na hagu, daga nan ya riƙa neman jifa mai sauƙin bugu, ya kuma bar ƙwallo ɗaya ya wuce shi a lokacin da zai fi yin ɓarna. Abokan laifinsa sun yi ta musu. Shi da aka tambaye shi, cewa ya yi ya aikata, ya faɗi ranakun. Kotu ta sassauta masa, amma hukumar wasa ta yanke masa korar rai da rai.

Matarsa ta ajiye masa addarsa da jakarsa a bakin ƙofa, alamar aure ya mutu a wurinmu, ya koma gidan yayarsa Nakaw. Hukumar ta aika wa kowace makaranta takarda, kuma da yake ni ce shugabar makaranta a lokacin, ni na karanta ta a gaban dattawa da shugabannin tsara da shi Ofad ɗin, a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban ofishina.

"Malama, sake karanta mana wurin nan na fili," in ji Marang.

Na sake karantawa. An haramta masa, iyakar rayuwarsa, buga wasan, da koyar da shi, da shiga duk filin da yake da rajista da hukumar.

"Namu yana da rajista?"

"Yana da ita. Ni na cike takardar."

"To, madalla," in ji shi, ya tofar da jan yawun goron da yake tauna.

Dole in faɗi abin da Layakiw suka sha kafin watan Yuli, domin in yi wa Marang adalci. Sunan da suke taƙama da shi ya zama abin tsokana daga nan har ƙauyukan kudu. A bikin kamun kifi, da aka zo jan igiya, ƙannensu na tsarar ƙasa suka riƙe igiyar suka ce, "Yayye, ku gaya mana farashinku tun da wuri, kada mu ɓata ƙarfinmu a banza." Idan ɗan Layakiw ya kai kifi kasuwa, sai a ce a sake aunawa. An fasa ba ɗaya daga cikinsu aikin gadin ma'ajiyar shinkafa. Sun je wurin dattawa a canja musu suna, dattawa suka ce ba a taɓa yi ba. Suka nemi a cire Ofad daga cikinsu, dattawa suka ce wannan ma ba a taɓa yi ba: mutum yana cikin tsararsa har kabari.

Da safiyar ranar da ake shirya fili, Marang ya ɗauko amalanken farar ƙasa daga ɗakin ajiyar makaranta, ya sabunta layukan wasa har suna ɗaukar ido. Ofad ya iso da gorar rumfa a kafaɗa, tare da sauran.

"Tsaya nan, ɗan'uwa," in ji Marang. "Ajiye ta a kan layi, mu za mu ƙarasa da ita."

"Ilisin na zo, Marang. Ban zo wasa ba."

"Mu ma muna so ka shigo. Hukuma ce ta hana. Ka ji Malama da kunnenka."

Haka aka kafa tsarin. Ba su kore shi ba, saboda haka duk aikin tsara yana kansa. Shi ne mai saro gora daga dutse, mai ɗebo ruwa, mai babbake aladen yanka a bayan ɗakin girki, mai kwashe shara. Komai ya ɗauko, a bakin farin layi yake direwa. Idan maza suka kama hannun juna suka buɗe da'ira, manya a gaba, ƙanana a baya, yana tsaye a wajen layi kusa da inda baƙi suke ajiye babura. Abin da yake nema bai wuce taku ɗaya ba: ya ƙetare layin, wani ya kama hannunsa.

Rana ta uku ake rabon nama. Shugaban kowace tsara yana kiran mutanensa ɗaya bayan ɗaya da sunan uwa, ya miƙa wa kowa ƙunshinsa a ganyen ayaba da kofin giyar shinkafa, hannu da hannu. Marang ya bar Ofad a ƙarshe. Ya ɗauki ƙunshin ya tako zuwa ɗan tudun da mai jifa yake tsayawa a wasa, ya juya wajen layi.

"Ofad ɗan Sawmah. Tsuguna mana."

Ofad ya dube shi. Sannan ya tsuguna.

"Wane iri kake so? Nuna mini yatsun nan naka masu tsada."

Aka yi dariya, har da wasu dattawa.

"Ka lura, kada wannan ma ya wuce ka. Babu mai biyanka a nan."

Ya jefa da lalataccen hannunsa, ƙunshin ya karkace ya nufi ƙasa. Ofad ya zube a gwiwa ya tare shi da ƙirji kamar yadda aka koya masa, romon ya ɓata masa riga. Aka tafa. Giyar kuwa Marang ya tsiyaye ta a kan layi.

Na ɗauka fushin shekara ɗaya ne. A shekara ta biyar, da na ga an maimaita, har yara sun fara jiran wannan lokaci fiye da rawar, na tare Marang a hanyar gona.

"Marang, takardar nan maganar wasa take yi. Waɗanda suka rubuta ta ba su san Ilisin ba."

"Malama, ke kika koya mana doka ba ta duban fuska. Ranar da ɓaunarmu ta haihu na makara da minti biyu, a bakin ƙofar aji na wuni."

"Wuni ɗaya ne."

"Ai laifina ma na minti biyu ne," in ji shi. Ya gaishe ni cikin ladabi ya wuce.

Ofad ya zama kafintan katakon zubin siminti, yana bin gine-gine daga birni zuwa birni. A can ma ba su bar shi ba. Akwai shugaban ma'aikatan da yake jefo masa guduma daga bene yana cewa a gani ko zai cafe. Bai sake aure ba. Duk yaron da ya tambaye shi yadda ake riƙe ƙwallo, sai ya ce bai sani ba, ya tsallaka titi, kada a ce ya koyar. Amma bai taɓa fashin Ilisin ba. Kowane Yuli yana sauka daga motar safa da jaka ɗaya, ya saro gora, ya tsaya a wurinsa, rana ta uku ya tsuguna. Shekara ashirin da huɗu ƙunshi bai taɓa faɗuwa ƙasa ba, ko da Marang ya jefa shi sama, ko gefe, ko cikin ƙura da gangan.

Nakaw ta gaya mini ta sha yi masa faɗa. "Kai wane irin mutum ne? Ka zauna a birni mana. Nama ne babu a can?"

"Yaya, idan na daina zuwa, sun huta," in ji shi. "Muddin ina cafewa, dole su kira sunana."

Yara suka yi ta raguwa a Tamoday, iyaye suna tafiya da su birni. Na yi ritaya da ɗalibai arba'in da ɗaya a makarantar. Shekara goma sha ɗaya bayan haka saura bakwai, aka rufe ta, aka mayar da su makarantar gari. Ciyawa ta cinye tudun mai jifa, ruwan sama ya wanke layukan.

A watan Yunin shekarar nan Ofad ya zo gidana da rana tsaka. Ya cika hamsin, gwiwoyinsa sun ƙi lanƙwasuwa sosai, yatsun hannun damansa kowanne ya kama gabansa saboda tsofaffin karaya. Ya cire hula a ƙofa kamar ɗan aji huɗu, ya miƙo mini ambulan.

"Malama, duba mini ko na karanta daidai."

Shi ya rubuta wa hukumar wasa da kansa, suka amsa masa. Layi uku ne. An cire filin tsohuwar makarantar Tamoday daga rajista tun ranar da aka rufe ta.

"Daidai ka karanta."

"Ke nan zan iya shiga."

"Takarda ba ta hana ka ba. Amma ka yi magana da Marang tukuna."

"Ban tambaye ki Marang ba, Malama. Takarda na tambaya." Ya yi murmushi, ya ninke ta a hankali. "Da takarda ya tsayar da ni. Kowa ya ji."

Nakaw ta buɗe akwatin da kayan rawarsa suka kwana shekara ashirin da huɗu. Ta sauya gashin tsuntsun hular da asu ya ci, ta ƙara wa ɗamarar ƙugu tsawo, ta goge ƙararrawar da toka. Labarin takardar ya zaga ƙauye kafin ta gama ɗinkin.

Ranar farko ta Ilisin, da hantsi, muka tarar da layuka sababbi a kan ciyawa. Marang ne ya tura amalanken da kansa da sassafe, kuma da yake babu tsohon sawu da zai bi, layin ya karkace nan da can. An riga an buɗe da'ira, mai waƙa yana bayarwa maza suna amsawa, sa'ad da Ofad ya fito daga lungun gidansu cikin cikakkiyar shiga, ƙararrawa tana kaɗawa a ƙugunsa. Ya tsaya a bakin layi ya ɗaga takardar wajen rumfar dattawa. Shugabansu ya ce wannan magana ce ta cikin tsara, su ba sa shiga. Sai Ofad ya miƙa wa Marang.

Marang bai saki hannun na kusa da shi ba. "Ba ni da tabarau," in ji shi.

"Malama ta karanta. Filin ba na hukuma ba ne yanzu."

"Ga layi kana gani."

"Kai ka zana shi da safe."

"Wancan ma ni na zana."

Ina zaune kusa, na ji wannan da kunnena, kuma na ga fuskar Ofad lokacin da maganar ta shige shi. Ya sa takardar a jakar kafaɗarsa. Ya ɗaga ƙafar dama ya ƙetare layin, ya taka har inda Layakiw suke a da'irar, ya miƙa hannuwansa biyu.

Mai waƙa ya yi shiru. Marang ya dubi yatsun, ya juya, ya fara takawa zuwa bakin fili ba tare da ya saki na bayansa ba. Da'irarmu sarƙa ce, kowace tsara tana riƙe da ta gabanta, kuma ƙarami ba ya tsinke hannu daga babba. Saboda haka Layakiw suka bi Marang, tsarar da ke ƙasa da su ta bi su, ta ƙasa da ita ma haka, har zuwa samarin ƙarshe. Tsararrakin da ke gaba da su suka ga an bar su su kaɗan, suka bi sahu. Mutum fiye da ɗari suka wuce ta gaban Ofad ɗaya bayan ɗaya, hannuwansa a miƙe. Anaw, wanda suka zauna benci ɗaya da Ofad a ajina, ya ɗan ja baya da ya zo daidai shi.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa," ya ce ƙasa ƙasa. "Ka san matata ƙanwar Marang ce."

Sarƙar ta ja shi ya wuce.

A kan titin siminti na gaban coci aka ƙarasa bikin, wuri mai gangara da ƙunci, inda da'ira ba ta buɗuwa sai dai ta miƙe kamar layin asibiti. Samari suka kwashe kujerun dattawa da tukwane. Rumfar da Ofad ya saro wa gora aka bar masa. Kwana huɗun nan kullum yana zuwa da hantsi cikin shigarsa, ya tsaya a tsakiyar fili har rana ta karkata. Nakaw tana kai masa ruwa da dunƙulen shinkafa mai danƙo. Ni ma na je na zauna a rumfar rana ta biyu, amma mace ba ta kama hannun namiji a da'irar tsara, kuma ba zamana yake bukata ba.

Rana ta uku Marang ya taho daga coci da ƙunshi a hannu, jama'a a bayansa. Wannan karon shi ne a wajen layi. Ya tsaya daidai inda Ofad ya saba tsayawa.

"Ofad ɗan Sawmah. Tsuguna."

Ofad bai tsuguna ba. Marang ya jefa, kuma jifan ya yi kyau, ya nufi ƙirji sosai. Ofad ya ɗan kauce da kafaɗa, hannuwansa a sake. Ƙunshin ya wuce shi ya fashe a ciyawa, karnuka biyu suka rufa a kai.

Marang ya juya wajen jama'a. "Kun gani ko? Har yau bai daina ba."

Wasu sun yi dariya. Ba su kai na da yawa ba, amma sun yi.

Ofad bai zo Ilisin na gaba ba, kuma duk da haka a gaban coci aka yi shi, ko da zai zo. A kakar shekarar ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, a hawa na shida na wani gini, da guduma a ɗamara. Aka kawo shi gidan Nakaw.

Layakiw suka zo gaba ɗayansu, su goma sha ɗaya da suka rage, domin tsara ce take haƙa kabarin ɗanta, ita take ɗaukarsa. Sun yi komai yadda ya kamata. Marang ne ya sa kafaɗa a gaban akwatin ta dama. Muka fito daga lungu, muka gangaro zuwa filin, inda kowace gawa ta ƙauyen nan take ratsawa tun kafin a haife ni. Sauran farar ƙasar bara tana nan dishi dishi a cikin ciyawa. Da suka iso bakinta, Marang ya karya hagu.

Nakaw ta sha gabansu. Tsohuwa ce mai shekara sittin, ba ta kai kafaɗar kowannensu ba.

"Ina za ku da shi?"

"Maƙabarta, Yaya. Ta bakin kwata."

"Hukuncin na rai da rai ne, Marang. Ran ya ƙare. Me ya rage kuma?"

"Nasa ne ya ƙare," in ji Marang. "Mu har gobe Layakiw ake kiranmu."

Hanyar bakin kwata ta mutum ɗaya ce, tsakanin katangar makaranta da ruwan gona. Sai da suka karkata akwatin a gefe kafin ya wuce kusurwar katangar, muna jin gawar tana gogar katako a ciki. Anaw ya zame ya faɗa ruwa har gwiwa. Mu mata muka ratsa ta tsakiyar fili kamar kullum, muka riga su isa, muka tsaya a bakin kabari muna jiransu.

A watan Yuli aka mayar da Ilisin fili. Babu wanda ya sake zuba farar ƙasa.